Kallabina a Bakin Gaggafa

Masu karatu, ina yi muku sallama. Duk wanda ya ga bidiyon nan ya yi dariya, ya tuɓe dariyar tasa a bakin ƙofa tare da takalminsa, ya shigo ya ji zance daga bakin mai shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da ta baƙin ciki ce.

Sunana Sanobar. Na haura sittin, mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana maza biyu, Bahrom da Nodir, duk sun ajiye iyali a gida ɗaya da ni. A unguwarmu da ke gefen birnin Tashkent ni ce uwar biki. Ba a ɗora tukunyar shinkafar aure sai na zo na duba man da karas ɗin, ba a wanke gawar mace sai ina tsaye. Amaryar da ta fito sharar ƙofar gida da safe kanta a buɗe, da sunana ake tsorata ta. Tun ranar da aka kai ni ɗakin Marigayi, babu baƙon namijin da ya san launin gashina.

Sana'ata gurasa. Tanderuna yana bakin titin da ke zuwa babban filin wasan da aka gina a bayan gari, inda ake hawa lilo iri-iri. Ta nan Ergash ya shigo rayuwata.

Makanikin filin ne, dattijo mai farin gashin baki, matarsa ta rasu. Aikinsa shi ne kullum kafin rana ta fito ya hau matakalar ƙarfe ya bi layin jirgin lilon nan mai hawa sama ya faɗo, yana ƙwanƙwasa kowane noti da guduma yana saurare. In ya sauko sai ya biyo ta wurina, hannunsa duk baƙin mai, ya sayi gurasa mai zafi ya tsaya yana ci.

"Hajiya Sanobar, gurasar yau ta fi ta jiya."

"Jiya ma haka ka ce. Matsa min daga bakin wuta."

"To wuta biyu ce a nan, wacce zan matsa wa?"

Na ce masa tsufa bai hana shi rashin ta-ido ba. Amma da na koma gida na tsinci kaina ina duba madubi. Allah ya shirye mu.

Da ya gane karatuna bai taka kara ya karya ba, sai ya daina rubuto min saƙo, ya koma turo murya. Ina kulle ɗaki in kara wayar a kunne kamar ɓarauniya. "Sanobar, ina can ƙololuwa yanzu. Ga hayaƙin tanderunki ina hangowa. Duk garin nan shi kaɗai ne hayaƙin da ke miƙewa sak." Wani lokaci ya turo min hotunan manyan jiragen lilo na duniya, na Amurka, na Japan, da wani a Saudiyya da ke gangarowa daga kan dutse. Ya san su kamar yadda na san 'ya'yan unguwa. Sabon da suke haɗawa a filinsu kuwa, wanda suka sa wa suna Gaggafa, ya ce duk yankinmu babu mai tsawonsa. Daga tsakar gidanmu ana hango shi ta saman bishiyar inabi, ja wur, ya lanƙwasa kamar wuyan raƙumi.

Zance ba ya ɓuya a unguwa. Wata rana muna kan shimfiɗa ana shan shayi, Bahrom ya ajiye kofinsa.

"Inna, wai me ke tsakaninki da mai gudumar nan?"

"Gurasa yake saya."

"Gurasar ce take sa ki kulle ɗaki?" in ji Nodir, yana kallon rufi. Matansu suka sunkuyar da kai suna cizon leɓe.

"Inna, ki duba girmanki," Bahrom ya ci gaba. "Jikanyarki ta kusa aure. A ce ana neman auren jika, kaka ma tana layi? Ina zan sa fuskata a masallaci?"

Na ce masa ya sa ta inda ya saba sa ta. Na ce aure ba haram ba ne, kuma ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Ya ce muddin yana numfashi, mutumin da ke ɗaure wa yara bel a lilo ba zai taka tabarmar ubansa ba. Na tashi na bar musu shayin. A raina ina cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ashe wannan karon babbar ce idonta ya yi yana.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe Gaggafa, Ergash ya zo tanderu bai sayi komai ba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Kin san al'adarmu ta masu wannan aiki? In an gama haɗa sabon jirgi, sai a yi ta gwada shi da jarkokin ruwa masu siffar mutum. In ya ci jarrabawa, kafin a bar baƙo ya hau, wanda ya ɗaure notin shi zai zauna a kujerar gaba, da mutum ɗaya daga gidansa a gefensa. Don jama'a su ga ya yarda da aikinsa har ya ɗora nasa a kai."

"To sai ka ɗauki ɗanka."

"Ɗana yana Rasha wurin aiki. Kuma ko yana nan, ba shi nake so a gani a gefena ba." Ya rage murya. "In kika zauna a kujerar nan, Sanobar, kin zama ta gidana a gaban kowa. Yaranki ba su da sauran magana."

Ni da ko tsani ba na hawa in tsinko inabi. Amma ku gaya min, wace mace ce za a ce mata ke ce mutumin gidana, bayan shekaru tana kwana da bango, ta tsaya lissafin tsawon ƙarfe? Na ce zan yi shawara. Kafin gurasar da ke wuta ta nuna na riga na amsa.

Ranar na fito da rigata ta alharini mai ratsin ja da ruwan ɗorawa, wadda rabona da ita tun bikin Nodir. Na zizara wa girata kwalli, na goge haƙorana na gwal. Na ɗauko farin kallabin da na sayo a Madina, mai laushi kamar ruwa, na ɗaura shi yadda na saba, ƙulli ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Na ce wa surukaina zan je duba mara lafiya. Babbar ta kalli rigar ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, Inna. Da ganin wannan kwalliya ma ya warke."

Filin ya cika maƙil, ga kiɗa, ga balan-balan, ga masu kyamara. Da na tsaya a gindin Gaggafa na ɗaga kai, sai da na dafe kallabina, ban kuma ga ƙarshensa ba. Na juya zan koma gida. Sai ga Ergash cikin sabuwar rigar aiki, ya aske, yana ƙamshi.

"Kin zo."

"Na zo. In na mutu, kai za ka yi wa Bahrom bayani."

Ya yi dariya ya kai ni kujerar gaba. A hancin jirgin akwai wani ɗan baƙin abu kamar idon kifi yana kallonmu. Na tambaya, ya ce na'urar auna gudu ce.

Masu duba fasinja suka fara bin kujeru suna danna ƙarfen da ke riƙe cinya. Cikinsu har da Mastura, wata bazawara da ta taɓa zama a layinmu, ni na yi mata uwar biki. Tana riƙe da kwando, na ga tana karɓar tabarau da hulunan mutane, tana miƙa wa matan da ke bayanmu wani abu. Da ta iso kanmu ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai Ergash ya miƙe ya ja ta gefe ya yi mata magana a kunne. Ta kalle ni, ta kalle shi. Ta danna ƙarfena ta wuce ba ta ƙarasa gaisuwar ba. Na ɗauka kunyata take ji.

Jirgi ya fara hawa. Ƙarar sarƙar kaɗai ta isa ta sa mutum ya tuna zunubansa. Gidaje suka koma kamar akwatin ashana, na hango hasumiyar masallacinmu a ƙasa da tafin ƙafata. Ina ta salati. Ergash ya miƙo hannu.

"Ba ni hannuwanki duka biyu. Kada ki saki, komai ya faru."

Rabon da namiji ya riƙe hannuna tun Marigayi yana jinya. Na san bai halatta ba tukuna, amma tsoro ba ya tambayar malam. Na ba shi. Ya haɗa su ya damƙe da tafinsa mai kaushi, ni kuma zuciyata ta ce, wannan shi ne wanda zai riƙe ki har kabari.

Muka kai ƙololuwa. Jirgin ya ɗan tsaya, hancinsa yana leƙen rami. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Ba zan iya ba ku labarin faɗowar ba, don raina bai bi ni ba. Abin da na sani, iska ta mare ni, na ji ƙullin haɓata ya warware. Na fizgi hannuna zan kama kallabin, Ergash ya ƙara damƙewa, ya ɗaga hannuwanmu sama yana ihun murna. Na ce, "Sake ni, kallabina." Iska ta cinye maganar. Kallabin ya tashi. Kitsona biyu farare suka warware suka bi iska, bakina a wangame, haka aka yi ta juyi da ni sama da ƙasa har jirgin ya gaji ya tsaya.

Jama'a suka kaure da tafi. Ni kuwa na ja wuyan rigata ina neman rufe kaina, rigar ta ƙi kaiwa. Mastura ce ta zo da gudu ta yafa min rigarta ta aiki. Ergash yana ta cewa, "Ƙaddara ce, Sanobar, iska ce, wa ya isa da iska? Zan saya miki goma." Idonsa har da ƙwalla. Na yarda da shi. Har na ba shi haƙuri don na ga ya damu.

Washegari da hantsi ina tanderu, waya ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Zauren hirar matan unguwa ne na waya. Na kasa gane rubutun, sai na danna abin da aka turo.

Ni ce. Fuskata ta cika allon wayar, haƙoran gwal a waje, kumatu suna kaɗawa. An rage gudun hoton daidai inda kallabin ke barin kaina, an sa kiɗa, an maimaita wurin har sau nawa. A ƙarshe wata murya mai daɗi ta ce, "Kaka ma ta hau Gaggafa. Kai me kake jira?" Idon kifin nan ashe kyamara ce.

Na sake kallo, wannan karon ban kalli kaina ba, shi na kalla. Mutumin da ya ce iska ce ta zo ba shiri. Tun kafin kallabin ya motsa idonsa yana kansa. Da ya tashi kuwa, sai ya juya ya kalli kyamarar ya yi murmushi.

Gurasar da ke wuta ta ƙone ƙurmus, ban ji ƙauri ba.

Kafin azahar saƙon murya ya shigo daga gidan da zan yi wa uwar biki a ƙarshen mako. "Goggo, mun ga kamar kin gaji kwanan nan, ki huta, mun samu mai riƙe mana." Da na bi layi zan koma gida, wata amarya da na taɓa kora ta koma ta rufe kanta tana tsaye a ƙofa. Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta sa hannu ta gyara kallabinta a hankali tana kallon nawa. Yara suna bina a baya hannuwansu a sama.

Na kira Ergash, waya a kashe. Sai can ya turo murya: "Ban san za su watsa ba, wallahi. Ki kwantar da hankalinki, zan gyara komai. Zan turo manya."

Da la'asar Mastura ta yi sallama. Ta ƙi zama a kan katifa, ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Goggo, tun jiya abinci ya ƙi shiga cikina."

"Faɗi abin da ya kawo ki."

"Dokar aikinmu ce, ba a tayar da jirgi da abin da iska za ta ɗauka. Duk mace mai kallabi, hula muke ba ta mai kama kai kamar safa, ta ɗora a sama, sannan mu cusa bakin kallabin cikin wuyan riga. Matan da ke bayanki duk na ba su, ko ɗaya nata bai motsa ba. Taki tana hannuna."

"Me ya ce miki a kunne?"

Ta share ido. "Ya ce umarni ne daga sama, kujerar gaba ba hula. Ya ce in na yi gardama in ajiye kwandon in tafi gida. Ina da marayu, Goggo."

"Wa ya koya muku dokar hular?"

"Shi. Shi ya kawo ta ma. Ya ce a gudun Gaggafa ko ƙulli uku ba ya tsayawa."

Na ce ta ci gaba, don na ga bakinta bai gama ba.

"An so a sallame shi bana saboda shekaru. Masu talla suka ce suna neman hoton da zai zaga ƙasa, sun gaji da 'yan mata masu ihu. Ina raba shayi a ɗakin taron nasu na ji shi da kunnena. Ya ce, ku bar min, ina da tsohuwa mai ji da kanta, duk unguwarsu tsoronta ake ji. An ƙara masa wa'adin aiki."

"Al'adar kujerar gaba fa?"

"Wannan gaskiya ce, ana yi. Shi ya sa ba wanda ya yi zargin komai."

Tambaya ɗaya ta rage, na yi ta juya ta a baki kafin ta fito. "Yaushe aka yi wannan zama? Kafin ya fara zuwa tanderuna, ko bayan nan?"

"Wallahi ban riƙe ba, Goggo."

Har yanzu da nake ba ku labari ban san amsar ba, kuma ita ce ke ci na fiye da bidiyon. Shin hayaƙin da yake hangowa daga sama gaskiya ne, daga baya ya sayar da ni? Ko tun gurasar farko ciniki yake yi? Da ɗan gari akan ci gari, da mai riƙe hannunka kuma akan tuɓe ka.

Ban yi kuka a gaban Mastura ba. Na ba ta gurasa ta kai wa yaranta.

Kwana biyu ban leƙa ƙofa ba. Na jira Bahrom ya zo ya ce ai na gaya miki, har na tanadi haƙurin da zan ba shi. Bai zo ba. Shi da ƙaninsa sai ƙus-ƙus a zaure, in na fito su yi shiru. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai na ji ana ta shimfiɗa a babban ɗaki, ƙamshin shinkafa da naman rago ya cika gida. Ƙaramar surukata ta leƙo.

"Inna, wai ki sa kaya masu kyau, an yi baƙi."

Na fito da kayan da ke jikina. Limamin unguwa ne, da wasu dattawa biyu, da Tursunoy yayar Ergash, ta hakimce a kan matashina. A tsakiyar shimfiɗar ga gurasa biyu an kifa ɗaya a kan ɗaya cikin farin ƙyalle. Ni da na halarci baikon rabin unguwar nan ba sai an gaya min ba. Da zarar dattijo ya karya gurasar nan an raba an ci, magana ta ƙulle, ba mai warware ta sai da abin kunya.

Na ja Bahrom zuwa ƙofa.

"Wane ne ya ba da ni?"

"Inna, ki yi magana a hankali. Ni na amsa musu."

"Kai da ka ce muddin kana numfashi?"

"Wancan kafin duniya ta ga kanki ne." Ya kasa haɗa ido da ni. "Yanzu duk inda na shiga ana nuna min waya. Masu neman 'yata sun fara ja da baya. In mijinki ne, sai a ce tsoho da matarsa ne suka yi wasa, magana ta mutu. In ba mijinki ba ne, me za a ce ke ce?"

"Ka san da gangan ya yi? Ka san ya hana a ba ni hula?"

Nodir da ke bayansa ya ce, "Mun ji, Inna. Mastura ta gaya wa matata. Amma abin da ya faru ya faru."

Sun sani. Suka kuma yanka rago.

Tursunoy ta ɗaga murya daga ciki, tana murmushi. "Ƙanwata, shigo mana, kunyar me? Ai ba sauran ɓoye-ɓoye tsakaninmu. Ergash ya ce in gaya miki, masu filin suna shirin kafa hoton a babban allon da ke kan hanyar kasuwa. Amma in iyalinsa ce, yana da bakin da zai hana."

Wato wanda ya tuɓe min kallabi shi ne yanzu yake sayar min da mayafi.

Na shiga na zauna. Liman ya yi addu'a aka shafa. Dattijon da ya fi kowa shekaru ya warware ƙyallen, ya ɗaga gurasar biyu da hannu bibbiyu, ya yi bisimilla. Na san gurasar, daga tanderun kishiyar sana'ata aka sayo ta, gefenta ma bai gasu ba.

Shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata cewa a irin wannan zama mace ba ta ɗaga kai, balle ta yi magana. Na miƙa hannu na ɗora a kan gurasar, na danne ta har ƙasa.

Bahrom ya ce, "Inna," kamar mai roƙo.

"Baba, ajiye ta," na ce wa dattijon. "Malam, kai ka koya mana cewa bazawara ba a aurar da ita sai da yawun bakinta. An tambaye ni?"

Liman ya kalli Bahrom, ya kalli ƙasa. "Ba a tambaye ki ba, Hajiya."

"To ba za a karya ba. Tursunoy, ɗauki wayarki ki kira ƙaninki. Na san yana cikin motar da ke fake a bakin layi, tun ɗazu jikokina suka gan shi. Ya shigo ya zauna a gaban Malam, ya ɗora hannunsa a inda nawa yake. Tambaya ɗaya zan yi masa kowa yana ji, ko shi ya hana a ba ni hula."

Murmushin Tursunoy ya ɗauke. "In ya ƙi shigowa fa?"

"To ya amsa ke nan."

Ta danna wayar ta sa a kunne. Duk muna jin ƙarar tana shiga. Ta yi ta shiga ba a ɗauka ba. Ni dai ban ɗaga hannuna daga kan gurasar ba.

Sai muka ji an turo ƙofar gida, kukan wayarsa yana tahowa daga zaure.